Bes na tsaye mai lantarki: kwamfuta za ta iya ara masa muryar katako?

Mai Situdiyo T/Wada:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san bes. An ba ni aikin kiɗan wani wasan daɓe da ɗalibai za su yi a Samaru, darakta kuma ya kafe sai sautin bes na tsaye, babban nan na katako da ake rungumarsa kamar za a yi kokawa. Na kaɗa masa na fiyano ya girgiza kai. Dama ni ma na daɗe da kwaɗayin abin a situdiyo, sai dai na katako ya fi ƙarfin ɗakina, ya fi ƙarfin aljihuna. Shi ne na koma duba na lantarki, waɗanda ba su da ciki, sanda ce kawai da tsirkiya huɗu. Uku nake ta gani: Stagg EDB, da NS Design WAV, da Yamaha SLB300 wanda suka ce a cikinsa akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar na katako. Tambayata ita ce, kwaikwayon nan gaskiya ne ko daɗin bakin 'yan talla? In na sa kuɗina, mai sauraro zai ji katako ko zai ji jitar bes ce aka miƙar tsaye?

Sarkin Fiyano:
Wa alaikumus salam. Oga, ka bar wahalar da kanka. Murya ta 33 a General MIDI, jerin muryoyin da ake sa wa fiyanon lantarki, ita ce ta bes na katako, tun 1991 tana nan, yawancin fiyanon Yamaha PSR suna da ita. Darakta ba kunnensa ne ya ƙi ba, idonsa ne. Ka ɓoye fiyanon bayan labule ka ga in zai gane.

Maman Biyu:
Sarkin Fiyano, kai komai fiyano. Ranar da aka ce ka kawo kalangu ma maɓalli za ka danna. Mai Situdiyo, cocinmu a Sabon Gari muna da Stagg ɗin, shekara ta uku ke nan. Daga kasuwar Alaba ta Legas aka kawo mana. Gaskiya ranar farko da yaronmu ya jona shi kai tsaye a miksa na ji takaici. Sautin siriri ne, yana wani ƙyas-ƙyas kamar ana taka busasshen ganye, ƙasan kuma ba nauyi. Sai da aka samo masa ƙaramin akwatin nan da ake sawa tsakaninsa da miksa ya zama abin saurare. Amma in ce maka ya zama na katako, na yi ƙarya. Abin da nake yaba masa shi ne yana da wurin sa hedifon, yaron yana atisaye da dare ba wanda ya sani, kuma a Keke muke ɗaukarsa.

Injiniyan Samaru:
Anti, wannan ƙyas-ƙyas ɗin ba laifin Stagg ba ne shi kaɗai, halin fiyezo ne. Bari in ɗan yi bayani, a yi haƙuri da tsawo.

Kusan duk waɗannan sandunan, abin da ke ɗaukar sautinsu wani ɗan ƙanƙanin dutse ne ko tangaram da ake sawa a ƙarƙashin jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa, shi ake kira fiyezo. In an matse shi sai ya ba da 'yar wuta. Matsalarsa, wutar ba ta da ƙarfin turawa. Yana son ƙofar shiga mai juriya sosai, megohm ɗaya, wato ohm miliyan ɗaya a ma'aunin juriya, zuwa sama. Ƙofar layi ta miksa kuwa yawanci ohm dubu goma ce ko 'yan sama da haka. In ka jona shi nan ba tare da mai ƙarfafa shi ba, ƙasan sautin ne ke fara zubewa, a bar ka da ƙara. Stagg yana da batir da ɗan firiyam a ciki, wato mai ƙarfafa sautin, amma na araha ne, shi ya sa akwatin waje ya taimaka muku.

To ko an gyara wannan, fiyezo yana jin tsirkiya da jaki ne kawai. Kunnenmu kuwa in muna gaban bes na katako ba tsirkiya yake ji ba, akwatin yake ji. Fuskar akwatin tana rawa, bayansa yana rawa, iskar ciki tana shiga da fita ta ramukan nan biyu masu siffar f. Akwatin yana ɗaga wasu sautuka, yana danne wasu. Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta ɗauki hoton wannan ɗagawa da dannewar, abin da ake kira IR, sannan ta bi da sautin sandarka ta cikinsa. Ka ɗauka rariya ce da aka saƙa daidai da wani bes na musamman. Yamaha sun fito da SLB300 a 2020 da abin da suka kira SRT. Sun naɗi bes na katako a situdiyo, suka sa muryoyin makirfo uku a ciki, ɗaya makirfo na yau da kullum, biyu irin na dā masu kwalbar lantarki a ciki, da maɓallin da kake gauraya fiyezo da kwaikwayon yadda kake so. Don haka ba ƙarya ba ce. Tana canza launin murya ƙwarai.

Mai Situdiyo T/Wada:
Madalla Injiniya. Ke nan Yamaha ce amsa?

Injiniyan Samaru:
In kana da kuɗin. Da kuɗin SLB300 ɗaya za ka sayi Stagg huɗu har a ba ka canji, ban ma sa kuɗin jirgi da na kwastan ba. Kuma IR ba mallakar Yamaha ba ce, kana iya loda shi a feda, ƙaramar na'urar sautin nan da ake takawa da ƙafa, ko a kwamfutar situdiyonka ka sa wa kowace sanda.

Baba na Wusasa:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take buga mini wannan, ni idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Na kaɗa bes na katako tun kafin a haifi yawancinku, kuma har yanzu yana jingine a kusurwar ɗakina. Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ya tsaya a kan murya, bai faɗi yadda sauti ke mutuwa ba.

In na ja tsirkiya a bes ɗina, sai ya ce "dum", ya cika ɗaki, nan da nan ya fara kwanciya. Akwatin ne ke shanye ƙarfin tsirkiyar ya mayar da shi iska. Wannan saurin kwanciyar shi ne ke sa kiɗa ya yi tafiya kamar mutum mai taku. Sandar lantarki ba ta da abin da zai sha ƙarfin, sai tsirkiya ta yi ta kuka "duuuuum" har ka gaji ka kashe ta da hannu. Na taɓa gwada ta wani yaro a Kaduna. Hannun hagu ya ji gida, tsawon duk ɗaya, amma cikina bai ji komai ba. Mu da cinya da ciki muke jin bes kafin kunne. Kama da wane ba ta wane, ɗana.

Injiniyan Samaru:
Baba, ranka ya daɗe, na karɓi gyara. A nan kam IR ba ta da ta cewa. Rariya ce, abin da ka zuba shi take tacewa. In sautin ya daɗe yana ƙara, to zai fito da launin katako amma da tsawon ran ƙarfe. Ba ta iya gajarta shi.

Mai Miksa PZ:
Maganin wannan ai ba ya cin ko naira ɗari. Soson katifa. Ka yanko kamar faɗin yatsa uku ka cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki. Ka yi ta rage shi da almakashi har ya kwanta yadda kake so. Tsoffin jitocin bes na Fender ma da soso suke zuwa a ƙarƙashin murfin jaki, ba sabon abu ba ne. Sannan ka ɗaga tsirkiyoyin sama kaɗan, ka bar jan su da kan yatsa kamar jita, ka kwantar da gefen yatsa gaba ɗaya ka ja da nauyin hannu. Wallahi na ga mutum da sanda mai tsada yana tsinkar ta kamar mai tsinke zogale, sannan yana zagin kamfani.

NS ɗin da ka ambata kuma yana da wata dabara. Ned Steinberger, wanda ya kafa kamfanin, ya yi masa maɗaukin sauti mai hali biyu, ɗaya na jan yatsa, ɗaya na gogawa da baka irin na goge. In ka sa shi a na baka amma ka ja da yatsa, bugun yana fitowa da ƙarfi ya kwanta da wuri. Masu shi da yawa haka suke yi in suna neman "dum" ɗin da Baba ke faɗa.

Ɗan Mai Goge:
Ni ban san bes ba, amma a gidan goge na tashi, can Ƙofar Gayan. Abin da Baba ya faɗa haka yake a wurinmu. Izga ɗaya, baka ɗaya, ƙaro ɗaya, amma ka canza ƙwarya ko fatar da aka rufe ta, goge ya zama wani daban. Mahaifina kafin ya sayi ƙwarya sai ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kai kunne. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma ai gwangwani ne da fata, tsirkiya ɗaya, amma duk wanda ya ji ya san shi. Ku cire gwangwanin ku ɗaura tsirkiyar a muciya ku gani.

Injiniyan Samaru:
Malam, abin da mahaifinka yake yi da farce shi ne IR ɗin, ba ragi ba ƙari. Ka buga wa abu bugu ɗaya gajere, ka saurari amsar da zai ba ka. Mu dai muna naɗar amsar ne mu adana.

Sarkin Fiyano:
To ku ji. Ashe shekara da shekaru a Ƙofar Gayan ake ilimin, mu muna ta sayen data.

Maman Biyu:
Baba, tambaya nake da ita. Tunda naka ya fi, me ya sa ba ka kawo shi ko bikin Kirsimeti? Rabon da mu ji shi an daɗe.

Baba na Wusasa:
'Yata, hunturu ne ya raba ni da shi. Waɗannan kayan an yi su ne don ƙasar da iskarta ke da laima, kamar kashi 40 zuwa 60. Mu nan Zariya a watan Agusta laima ta yi yawa har tsirkiya ta tashi sama, wuya ya yi nauyi, sannan Janairu ta zo iska ta bushe ƙasa da kashi 20, leɓe ma tsagewa yake balle katako. Wata shekara da asuba ina kwance na ji "ƙas!" kamar an karya rake. Na kunna tocila, sai ga tsaga daga ƙasan ramin f ta gangara kusan taƙi guda. Na kai wa wani kafinta, mutumin kirki ne amma bai san abin ba, ya cika ta da farin gam na kujera. Ba a yi wa bes haka. Da gam ɗin fata ake haɗa shi, wanda in an sa ɗumi da ruwa zai saki a sake gyara. Tun daga nan in na kaɗa sautin A sai ya riƙa zuza kamar ƙudan zuma ya shiga ciki. Akwai kuma wani ɗan ginshiƙi a ciki da ba a manne shi ba, matsin tsirkiya ne ke riƙe da shi. In katako ya motsa ko an sassauta tsirkiyoyi duka, sai ya faɗi, kuma tayar da shi ta wannan ɗan ramin aiki ne na mai haƙuri.

Don haka kada a ce na hana yaron nan sayen sanda. Ni da zan koma saurayi a garin nan, da wuya in sake sayen na katako. Na dai ce kada ya yaudari kansa.

Mai Situdiyo T/Wada:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wata shawara ta zo mini. In Baba ya yarda mu zo Wusasa ranar Asabar, Injiniya ya ɗauki hoton muryar bes ɗinsa, Anti ta ara mana Stagg, mu naɗi layi ɗaya ta hanyoyi daban-daban mu sa a nan kowa ya canka. Ji ya kori gardama.

Baba na Wusasa:
Ku zo bayan la'asar. Ku taho da makirfonku, ni shayi kawai gare ni.

Maman Biyu:
Na yi magana da shugaban mawaƙa, ya amince. Amma a dawo da shi kafin takwas na dare, Lahadi da sassafe muna buƙatarsa.

Mai Situdiyo T/Wada:
Jama'a mun je mun dawo. Kafin in sa sautukan bari in ba ku labari, don aikin bai zo da sauƙin da Injiniya ya zana mana a nan ba.

Bes ɗin Baba ya fi ni tsawo. Da ya yaye zanin da ya lulluɓe shi, ƙura ta tashi, gefen wuyan duk ya yi sumul ya canza launi inda babban yatsansa ya shekara yana gogawa. Injiniya ya naɗe tsirkiyoyin da tsohon ɗankwali don kada su yi ƙara, ya kafa makirfo kamar taƙi biyu daga jaki, ya ɗauko fensir mai roba a gindi zai ƙwanƙwasa gefen jakin. Bugun farko, zakaran maƙwabta ya yi cara. Na biyu, injin niƙa ya tashi a bayan gida. Muka zauna shan shayi har aka gama niƙan. Da aka yi shiru ya buga kamar sau ashirin, muka zaɓi mafi tsabta. Abin mamaki, ƙwanƙwasa ɗaya da fensir amma a hedifon sai ka ji kamar an rufe ƙofar wani babban ɗaki.

Sannan Baba ya kaɗa layin, gaɓa takwas, a nasa. Ya sake kaɗa shi a Stagg, yana ta mita wai ba inda zai jingina cikinsa. Sarkin Fiyano kuma ya kaɗa nasa a situdiyo da daddare. Ga su nan huɗu, A, B, C, D, na daidaita ƙarfinsu. Ɗaya bes ɗin Baba ne da makirfo, ɗaya sanda da soso kawai, ɗaya sanda da soso da IR, ɗaya fiyano. Wanne ne na katako? Injiniya da Sarki ku yi shiru.

Maman Biyu:
D ne na katako. Ya fi tsabta, ya fi cika. A kuwa namu ne, ko cikin barci na san muryarsa.

Ɗan Mai Goge:
Ni ma da farko D na ce. Amma na sake saurara sau uku, D ba hannu a cikinsa. Duk sautin da ya fito kamar ɗan'uwansa, kamar bulo daga injin ɗaya. A C ina jin yatsa yana tafiya a kan tsirkiya kafin ya isa. C ko B, na kasa rabewa. In dole ne, C.

Mai Miksa PZ:
Duk wanda ya saurara da sifikar waya ya janye ƙuri'arsa don Allah. Tsirkiyar E ta ƙasa, wadda ta fi kauri, 41 Hz take, wato girgiza 41 a daƙiƙa, tsawon igiyar sautinta a iska ya haura mita takwas. Sifikar waya ba ta san da wannan duniyar ba, saman sautin kawai take ba ku, ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Na sa a manyan sifikun shago. A sanda ce tsirara, ƙasanta ya yi yawa ma, ya fi na gaske nauyi, don shi akwatin katako ba ya iya fitar da can ƙasan sosai, abin da ke saman sa yake turowa. B da C 'yan gida ɗaya ne, amma B yana da wani ɗan amo kamar ana kiɗa a cikin randa. C ne na Baba.

Baba na Wusasa:
Jikata ta sa mini a rediyon falo. C nawa ne, ga ƙudan zuman nan a gaɓa ta uku. Amma B ya ba ni tsoro. Na ji muryar bes ɗina a bakin wani. Sai da sautin ya zo kwanciya na gane ba shi ba ne, nawa yana sauka kamar mutum ya zauna a tabarma, wancan kamar an tura shi.

Mai Situdiyo T/Wada:
To ga amsa. A sanda da soso. B sanda da soso da IR. C bes ɗin Baba. D fiyano. Waɗanda suka turo mini ta bayan fage yawancinsu D suka zaɓa, kuma da na tambaya duk da waya suka ji.

Sarkin Fiyano:
Alhamdu lillahi. A rubuta a ajiye. Anti Maman Biyu da bakinta ta zaɓe ni. Ina jiran ban haƙuri a bainar jama'a.

Maman Biyu:
Ban haƙurin me? Ina cikin kicin na ji, miya tana tafasa. Ka zo ka tsaya gaban jama'a da fiyanonka ka ja baka mu gani.

Injiniyan Samaru:
Sarki bai yi nasarar banza ba, amma a duba dalili. Muryar da ke cikin fiyano naɗaɗɗen bes na katako ne na gaske, an naɗe shi da makirfo a wuri mai kyau. Kowane sauti shi kaɗai gaskiya ne, har da kwanciyarsa. Abin da babu shi ne abin da ke tsakanin sauti da sauti, zamiya, girgiza yatsa, bugun tsirkiya a kan allon wuya. Sanda kuwa akasin haka take, tsakanin duk gaskiya ne tunda hannu ne, muryar ce ta aro.

Amon randa da Mai Miksa ya ji laifina ne, kashi biyu. Na farko ɗakin Baba siminti ne da kwano, makirfo ya kwaso ɗakin tare da bes ɗin, kuma na sa IR ɗin ɗari bisa ɗari. Da na mayar da shi kusan rabi na gauraya da sautin sandar, randar ta tafi. Ina jin shi ya sa Yamaha suka sa maɓallin gauraya maimakon kunna da kashe. Na biyu, sandar ma tana da nata launin, jakinta da fiyezonta, sai launi ya hau kan launi. Na'urori irin ToneDexter na Audio Sprockets suna kauce wa wannan ta hanyar sauraron makirfo da fiyezo a lokaci ɗaya a kan kayan kiɗa ɗaya, su lissafa bambancin. Amma wannan sai kana da akwatin, an yi shi ne don mai bes na katako da ke son sautin makirfo a dandali ba tare da sifika ta yi kuka ba. Yamaha kuma fa'idarsu ita ce su suka yi sandar, su suka yi kwaikwayon, an auna su da juna.

Wani abu ga mai son sayen feda: ka duba tsawon IR da take ɗauka. Da yawa an yi su ne don jita. Mai ɗaukar ɗigon sauti 1024, inda kowace daƙiƙa take da ɗigo 48,000, wajen kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa ke nan, alhali zagaye ɗaya na E ta ƙasa yana cin 24. Ko zagaye ɗaya bai cika ba. Mai 2048, irin abin da Line 6 Helix ke iya ɗauka, ya fi dama. A kwamfuta kuwa ba wannan iyakar.

Ɗan Mai Goge:
Wannan na tsakanin sauti da sauti shi ne ya dame ni da kiɗan situdiyo na yanzu. Mawaƙinmu in yana rera waƙa muryarsa ba ta tsalle daga maɓalli zuwa maɓalli, tana gangarawa ne, Hausa ma ai da hawa da sauka ake faɗarta. Goge yana bin sa duk inda ya karkata. Fiyano sai dai mawaƙi ya bi shi. In wannan sandar ba ta da ƙarafan nan na wuyan jita, za ta iya bin murya kamar goge, ko da muryar aro ce ni na fi son ta.

Mai Miksa PZ:
Kuma a daina ganin sanda kamar jabun kaya. Ampeg sun yi Baby Bass a 1962, jikinsa ba katako ba, muryarsa ba ta taɓa yin kama da ta katako ba, amma makaɗan salsa, wani kiɗan 'yan Latin Amurka, suka riƙe shi don wannan gajeren bugun nasa har ya zama muryar kiɗansu. Ba wanda ya ce musu ba na gaske ba ne.

Mai Situdiyo, gargaɗi ɗaya tunda a zaure za a yi wasan. Wutarmu 50 Hz ce, G ta ƙasa a tsirkiyar E kuma 49. In wayar da ka jona bes da ita ba ta da rufi mai kyau ko ba a kafa wayar ƙasa ba, gurnanin wuta zai shiga, kuma duk lokacin da aka kaɗa G ɗin za ka ji suna kokawa, wawu, wawu, sau ɗaya a daƙiƙa. In janareta ne kuwa yana hawa yana sauka, abin ya fi muni. Na sha wannan a wani biki a Kongo, na yi ta zargin makaɗi bai ɗaure tsirkiya daidai ba, ashe wayar da na ba shi ce. Ka sa gajerar waya mai kyau zuwa firiyam, daga nan ka tafi miksa da waya mai ƙafa uku, feda kuma in da hali ka ba ta batir. Sannan a babban zaure ka rage IR ɗin fiye da yadda ka saba a hedifon. Zauren ma akwati ne, zai ƙara nasa.

Mai Situdiyo T/Wada:
Na gode ƙwarai. Na kai wa darakta B da aka gyara, da D, ban faɗa masa komai ba. A hedifon ya ce B. Da na gaya masa sanda ce, sai ya ce to a tsaya da ita a gefen dandali inda 'yan kallo za su ga ana kaɗawa. Sarki, ka ga ashe kana da rabin gaskiya a maganar ido.

Yamaha dai na ajiye ta sai Allah ya hore. Stagg zan nema, ragowar kuɗin in sa a firiyam mai kyau da tsirkiyoyi, don Baba ya ce waɗanda ke zuwa da shi kamar wayar shanya suke. IR kuma ga na Baba a kwamfuta.

Baba na Wusasa:
Ɗana, kafin ka kashe kuɗi a tsirkiya ka zo ka koyi ja. Na ga hannunka ranar Asabar, jita ce a cikinsa. Asabar uku ko huɗu sun isa ka fara. Kuma Injiniya, wannan hoton da ka ɗauka na mara lafiya ne. Akwai wanda ke gyaran irin waɗannan a Legas da aka ba ni labari, amma ba zan sa shi a motar haya ba. In an samu gam ɗin fata ni da kaina zan kankare na kafintan in sake, na ga yadda ake yi. Sai ka dawo ka ɗauki na mai lafiya, a ɗakin da ba kwano.

Injiniyan Samaru:
In sha Allah Baba. Situdiyon T/Wada ya fi dacewa, bango duk soso ne. Sai dai a yi kafin iska ta juya, Nuwamba ta kusa.

Maman Biyu:
To ta yaya zai je Tudun Wada? Ba ya shiga Keke, na gani da idona, wuyan sai ya fito waje kamar raƙumi.

Sarkin Fiyano:
Fiyanona dai a achaɓa nake ɗaukarsa. Amma don Baba, ƙanin matata yana da a-kori-kura, yana dakon masara daga Giwa ranar Alhamis. In ya sauke zan ce ya biyo ta Wusasa. A tanadi katifa da igiya, kuma mutum biyu su zauna a baya su riƙe shi, hanyar akwai ramuka.

Baba na Wusasa:
A kwantar da shi ta gefe, jaki kada ya taɓa komai, kuma kada wanda ya sassauta tsirkiya. Ni zan zauna a bayan.